Kafin a tambayi kuɗinta, a tambayi inda aka tono ta

Duk wanda tsohuwar kwandalar tagulla ta Girkawa ta faɗo hannunsa, abu biyu ne ke fara zo masa a rai: ya goge ta, ya kuma san nawa za ta yi a kasuwa. Gugar tana kankare koren tsatsar da ta kare fuskarta shekaru dubu biyu, ta tafi da ragowar haruffa. Tambayar farashi kuwa ta yi wuri.

Gane kwandala aiki ne mai tsari. Ana auna nauyinta da faɗinta, sannan a duba zanen gaba da na baya. Ɗaruruwan biranen Girkawa sun buga kuɗinsu, kowanne da tambarinsa: mujiya ta Atens, kudan zuma na Afisa, furen wardi na tsibirin Rodos. Haruffa uku kan wadatar, domin ΑΘΕ na nufin kuɗin mutanen Atens. Daga nan sai a kwatanta da kundaye irin su Historia Numorum na Barclay Head, wanda ya fito a 1887.

Sai dai sau da yawa rubutun ya suɗe, kuma birane barkatai sun yi tarayya a kan zanen kan Zus ko Afolo. A nan ne wurin da aka tsince ta ke zama babbar shaida. Azurfa darajarta na jikinta, shi ya sa kuɗin azurfar Atens suka kai Masar da Farisa. Tagulla kuwa canjin cefane ce, ikon birnin da ya buga ta ne ya ba ta daraja, don haka ba ta cika nisa da gida ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ta bin inda irin waɗannan kwandaloli suka fi taruwa, masana sun gano mazaunin wasu biranen da suka shuɗe.

Saboda haka, kwandalar da aka tono a ɓoye aka sayar ba tare da bayanin asalinta ba ta rasa rabin labarinta, kuma babu kundin da zai maido shi. Mai saye da bai tambayi asali ba, shi ke biyan ladan mai tonon sata. A fara da wannan tambayar. Idan dillali ya yi nuƙu-nuƙu, a bar masa kayansa.