Ra'ayinmu: A Koya Wa 'Ya'yan Makiyaya Aikin Tsaron Namun Daji

Duk makiyayin da ya taɓa kora shanu ta wajen Damongo ko Larabanga ya san Gandun Dajin Mole, wanda yake kimanin kilomita 150 yamma da Tamale. An keɓe wurin domin namun daji a 1958, aka mai da shi gandun ƙasa a 1971, faɗinsa kuwa ya haura murabba'in kilomita 4,500. A ciki akwai giwa da ɓauna da gwanki da kanki da kura, kuma doka ta hana kiwo a cikinsa.

To, sai dai ita saniya ba ta san iyaka ba. In rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙone, tafkuna suka ƙafe, inda ta ji ƙanshin ruwa can za ta nufa. Daga nan sai kamu, sai tara, wani lokaci har kotu, kuma asarar ba ta tsayawa a ruga, takan bi fatake har karar Buipe da ta Gushegu.

Mu ba mu ce a buɗe gandu a zuba shanu ba. Dajin da ya kasa riƙe gwanki, ba da daɗewa ba zai kasa riƙe saniya. Abin da muke tambaya shi ne, su wa ake horarwa su tsare dajin nan, su wa kuma suke zama inda ake yanke shawara a kansa?

Tun daga shekarar 2000 Gana ta fito da tsarin da ake kira CREMA, wato ƙauyuka su haɗu su kafa kwamiti, hukuma ta ba su ikon kula da daji da namun da ke ƙasarsu. Mutanen Murugu da Mognori da ke bakin Mole suna da nasu. Dokar namun daji ta 2023, mai lamba 1115, ta ƙara wa tsarin ƙarfi. A irin waɗannan kwamitoci ne ake tsara inda za a yi kiwo da inda za a bari, da lokacin sa wuta. Amma sau da yawa makiyayi ba ya wurin, domin ana yi masa kallon baƙo ko da a nan aka yanke masa cibiya. Wanda kuwa ba ya nan aka yi rabo, abin da aka ba shi sai ya karɓa.

Abin takaici, wannan da aka bari a waje shi ne ya fi kowa kwana a dawa. Yaron ruga yakan dubi sawu ya faɗi ko na kura ne, ya kuma faɗi tun yaushe ta wuce. Ya san mashayar da ba ta ƙafewa, ya san kurmin da ƙudan tsando yake. Abin da ya rasa shi ne karatu da rubutu, da sanin taswira, da sanin doka, da iya tsayawa gaban taro ya yi magana. Duk waɗannan kuwa koyo ake yi.

An gwada a wata ƙasa an ga amfani. A Kenya, tun 2007, an ɗauki samarin Masai, makiyaya irinmu, waɗanda da can suke kashe zaki in ya taɓa musu dabba, aka koya musu rubutu da aikin bin sawun zakuna. Yanzu su ne suke gargaɗin masu kiwo su kauce, su kuma taya neman dabbar da ta ɓata. Makarantun koyon aikin ma ba su yi mana nisa ba. Akwai ta kula da namun daji a Garwa ta Kamaru tun 1970, a tsakiyar ƙasar Fulani. A gida kuwa ga Jami'ar UDS da aka kafa a Tamale a 1992, wadda take koyar da kula da albarkatun daji a Nyankpala.

Mu ma sai mun gyara namu. Wanda ya sa guba a mushe don kura, har ungulu yake kashewa, ita da take share mana mushen da ke yaɗa cuta. Wanda ya ɓoye mafarauci a rugarsa ya ja wa kowa zargi. Uban da ya hana ɗansa makaranta kuwa, shi ya rufe masa ƙofar kwamiti.

Saboda haka muna kira ga kowane arɗo ya zaɓi samari biyu ko uku masu hankali a sa su karatu, fatake kuma su ware wani abu daga kowace kasuwa domin kuɗin makarantarsu. Muna roƙon Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ya riƙa tunawa da 'ya'yan makiyaya in za a ɗauki masu gadi, ya kuma haɗa kowane yaro da tsohon ma'aikaci wanda zai riƙe hannunsa shekara ɗaya ko biyu, yadda muke haɗa yaro da babba kafin mu sakar masa garke. Sarakunan ƙasa su ma muna roƙonsu su ba makiyaya kujera a kwamitocin CREMA.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.