Aikin sa-kai ne, ko aikin masu ƙoshi?

Jama'a, kullum ana ce mana ƙofar ICANN a buɗe take, kowa ya zo a tsara ƙa'idojin sunayen shafukan intanet da shi. To, wa ke iya shiga?

Taro sau 3 a shekara, yau wannan nahiya, gobe waccan. Tsakanin tarukan kuma aikin kwamiti ne ta Zoom, da Turanci, wani lokaci sai dare ya raba. Wanda babban kamfani ke biya albashi don ya zauna a kwamitin, sunansa ɗan sa-kai. Yaron da ya ci bashin data, bayan ƙarin kashi 50 da NCC ta amince da shi a 2025, shi ma wai ɗan sa-kai. Haba! Wane ne zai fara gajiya?

Za su ce ai akwai tallafin tikiti. Gaskiya ne, amma tikiti ba ya riƙe mutum shekara biyar yana karatun takardu.

A biya wa masu aikin kuɗin data, a riƙa juya lokacin zama, tsofaffin kujeru su ba sabbi wuri. NiRA, mai kula da .ng, ta fara fitar da takardunta da Hausa mana.