Addu'ar Asuba A Agege

Makon jiya na kwana a gidan innata, ƙanwar mahaifiyata, a Agege cikin Ikko. Haifaffiyar Wusasa ce, kuma 'yar Zumuntar Mata. Tun gari bai waye ba na ji tana ta da yara domin addu'ar iyali.

Ta ɗauko Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda bangonsa ya sha ɗinki, ta buɗe wa babbar 'yarta Zabura ta 23. Yarinya ta yi ta inda-inda, daga bisani ta roƙi a bar ta ta karanta da Turanci. Aka bar ta.

Muna shan koko sai inna ta ce mini, "Ɗana, ban ce Ubangiji ba ya jin Turanci ba. Amma ni da Hausa nake kuka a gabansa. Ran da na kwanta ciwon ajali, wa zai karanta mini da harshen da zuciyata take ji?"

Na rasa ta cewa. Tun 1932 aka buga cikakken Littafin nan da Hausa, bayan wahalar fassara da su Likita Mila suka sha, har ya zama abin karatun Angas da Birom da Bajju. Ga shi yau ya gagari jikar Wusasa.

A ganina yarinya ba ta da laifi: makaranta Turanci, titi Yarbanci. Inna dai ta kafa doka, kowace Asabar bayan wanki, aya biyar da Hausa kafin kowa ya taɓa tuwo. Autanta har ya fara gunaguni.