Larabcin Da Na Koya A Bakin Murhu

Wata ƙanwata da ke shirin tafiya karatu waje ce ta kawo min jerin kayan da za ta ɗauka in duba mata: kuka, daddawa, yaji, garin tuwo, man shanu, har da muciya. Na yi dariya, don na ga kaina a 2012, lokacin da aka tura mu Khartum mu yi shekara guda muna koyon Larabci. Jakata ɗaya cike take da irin waɗannan kaya, ga kuma nasihar Inna a kunnena: ki kama kanki, karatu ya kai ki.

Na kuwa kama kaina, har na wuce gona da iri. Wata uku cur daga aji sai ɗaki. Mu shida 'yan Nijeriya mu tuƙa tuwonmu, mu yi hirarmu da Hausa, mu kwanta. Nahawu ya zauna a kaina daram, amma in na shiga kasuwa mai tumatir ya yi min magana sai in tsaya ina zare ido kamar an jefo ni daga sama.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta fitar da ni. Kullum da hantsi nakan jiyo ƙamshin tsami daga gidanta, rediyo na tashi. Ran nan na yi ƙarfin hali na yi sallama. Na same ta zaune gaban faffaɗan ƙarfe a kan wuta tana yin kisra, wato ƙullun dawa ne da ya kwana ya yi tsami, a zuba shi kaɗan, a shimfiɗe da wani ɗan siririn ganyen kaba da suke kira gargariba, kafin ka ƙifta ido ya gasu, siriri kamar takarda. Ta miƙo min ta ce, "Zo ki gwada, 'yata." Na farko ya yage, na biyu ya ƙone, na uku kuwa ya fito da kaurin waina. Ta yi ta dariya tana min faɗa, ni kuma a wannan faɗan na fara jin Larabcin da mutane ke yi da gaske. Miyar da ta haɗa, da garin busasshiyar kuɓewa da busasshen nama, in ka rufe ido sai ka rantse a Kano kake.

Waƙa kuma ta shigo ta rediyon nan. A shekarar Muhammad Wardi ya rasu, don haka ko ina muryarsa kake ji, a mota, a shago, a wurin masu shayi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kiɗan bai yi min baƙunta ba. Daga baya na gane dalili: yawancin waƙoƙin Sudan a kan amo biyar aka gina su, kamar namu na gargajiya, saɓanin na Masar. Dattijuwar ce kuma ta fara ambata min A'isha Falatiya, wadda aka haifa a Kassala, iyayenta mutanen Sakkwato ne da hanyar Makka ta ajiye a can. Tana cikin matan farko da suka yi waƙa a rediyon Omdurman a shekarun 1940, ta rasu a 1974. Ni da na zo daga ƙasar iyayenta ban taɓa jin sunanta ba. Na ji kunya ƙwarai. Haka ranar da aka saya min naman da suke kira agashe, na ɗanɗana na ji ƙuli-ƙuli da yaji, na ce ai wannan tsirenmu ne, ko sunan ma namu ne.

Na san akwai masu cewa wannan duk shiririta ce, an tura yarinya neman ilimi ta ɓige da sauraren kiɗa da shiga gidajen mutane. Ban raina tsoronsu ba, don baƙunta tana da haɗari, kuma ba kowace ƙofa ake shiga ba. Amma ra'ayina, ɗalibin da ya je ƙasar mutane ya dawo bai san abin da suke ci ba, bai san waƙar da ke sa su hawaye ba, to kuɗin jirgin iyayensa ya yi asarar rabinsa. Takardar shaida kowa ya samo a cikinmu. A mu shidan nan kuwa, biyu ne kawai muke iya hira da Basudane har yau, ni da wadda nake ja zuwa gidan dattijuwar.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023, na ga hotunan ɗalibanmu a motocin da suka kwashe su zuwa iyakar Masar. Na yi ta kiran lambar gidan dattijuwar, ba ta shiga. Har yau ba ta shiga. Ranar na jiƙa dawa, bayan kwana biyu na yi kisra a kan tandar ƙarfe, yarana suka ce tsami ya yi yawa.

Ƙanwar tawa dai na bar mata daddawa da yaji. Muciyar na cire ta daga jerin, na ce in ta isa ta ara a maƙwabta.