MAI SON KOYON AIKIN LASIFIKA: DA WANE LITTAFI ZAI FARA?

Abu ne sananne ga masu halartar majalisun karatu cewa sau da yawa malami kan shafe awa guda yana bayani, amma na sahun baya su tashi ba su tsinci komai ba in ban da gunji da kuwwa. Matasan da aka damƙa wa kula da na'urori suna iyakar ƙoƙarinsu, sai dai mafi yawansu da kallo suka koya, ba su san dalilin abin da suke murɗawa ba. To, ɗan uwan da ya ƙudura niyyar koyar da kansa ta hanyar karatu, wajibi ne ya san littafin da zai fara da shi da wanda zai jinkirta, domin kuwa littattafan suna da tsada, kuma da Turanci aka rubuta su.

Na farko yana cikin akwatin duk wanda ya yi kimiyya a sakandare, wato littafin fiziks, irin New School Physics na Anyakoha. Babi biyu ake bukata, na sauti da na lantarki. A nan ne zai ga cewa sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. Ke nan idan akwai tazarar mita 34 tsakanin lasifika biyu, wanda ke zaune gindin ɗaya zai ji ta nesan bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai kowace kalma ta zo masa sau biyu. A nan ne kuma zai gane cewa lasifika biyu masu om 8, in aka ja wa kowace waya daga baki ɗaya na amfilifaya, sun koma om 4, in huɗu ne sun koma om 2. Amfilifayar da ba a ƙera ta don wannan nauyi ba sai ta yi zafi ta ƙone, kuɗin gyara kuwa daga aljihun jama'a za su fito.

Na biyu shi ne Sound Reinforcement Handbook, wanda Gary Davis da Ralph Jones suka rubuta wa kamfanin Yamaha, bugunsa na biyu ya fito a 1989. Wanda ke da kuɗin littafi ɗaya tak, wannan ya kamata ya saya. Ya bi sauti daki-daki tun daga makirufo, miksa, amfilifaya har lasifika. Mai karanta shi zai fahimci cewa ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, alhali a fili duk lokacin da nisa ya ninka ana asarar desibel 6. Saboda haka ƙara lasifika kusa da na baya ya fi sayen babbar amfilifaya amfani. Aibinsa ɗaya, an rubuta shi kafin miksa mai aiki da kwamfuta ta yaɗu, amma ɗan littafin bayanin da ke zuwa da na'urar zai cike wannan giɓi.

Na uku Master Handbook of Acoustics na F. Alton Everest, wanda ya fara fitowa a 1981. Shi kuma kan ginin yake magana. A 1895 aka nemi wani malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine, ya gyara wani ɗakin lacca da ba a jin magana a cikinsa. Ya yi ta jigilar matasan kujeru yana auna daɗewar amo, har ya gano yadda girman ɗaki da kayan da ke shanye sauti suke hukunta amsa-kuwwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa masallaci mai siminti da tayil da ƙubba yake gunji da asuba, amma ya lafa ranar Juma'a da ya cika da mutane. Darduma mai kauri da labule kan yi maganin abin da sabuwar na'ura ta kasa.

Amma Sound System Engineering na Don da Carolyn Davis, wanda ya fito a 1975, a jinkirta shi sai lissafi ya zauna. Littattafan haɗa waƙa a sutudiyo kuwa wata sana'a ce daban. Abin dubawa kafin biyan kuɗi shi ne ko littafi ya yi bayanin layin bolt 70 ko 100, wanda da shi ake jera ƙahonni da yawa kan doguwar waya.

Wani zai ce bidiyon YouTube ya wadatar. Bidiyo na nuna maɓallin da za a murɗa a na'urar mai bidiyon da ɗakinsa, amma ranar da aka canza na'ura ko fili, sai wanda ya san dalili ne zai fita kunya.

Shawara ita ce 'yan uwa huɗu ko biyar su yi karo-karo su sayi kwafi ɗaya, su zauna kansa mako-mako kamar yadda ake zaman littafin fiƙihu, su gwada kowane babi a kan na'urar masallacinsu lokacin da ba kowa. Su kuma tuna cewa daɗewa cikin ƙarar da ta haura desibel 85 na lalata ji, kuma maƙwabta, musamman marasa lafiya da jarirai, suna da haƙƙi.

Allah Ya sa a dace, amin.