Rinin Gashi da Kudin Ajiyar Haya

Kannena masu shirin zuwa karatu Ingila, ni a ganina duk mai rina gashi ya fara shimfida leda a bandaki. Bahon wanka a nan yawanci roba ne, yana kama launi, kuma mai gida zai cire diyya daga kudin ajiyarka, wanda kan kai hayar mako 5.

In rini ya diga, goge nan take. In ya bushe, kwaba bekin soda da sabulun wanke-wanke, shafa, jira minti 15, ka goge da tsumma mai laushi. Soson karfe yana karce robar, ruwan goge jan farce yana cinye ta. Kada ku kuskura ku hada bilic da binega, tururinsu guba ne.

A gaida mutan gida.