Python Ta Yi Daidai Game da Hanyar Fayil

A 2014 Python 3.4 ta zo da pathlib, wanda ya mai da hanyar fayil abu mai zaman kansa, ba jerin haruffa kawai ba. Sai dai tsofaffin kayan aikin harshen, irin su open, ba su karɓe shi ba sai an juya shi da str. Nan haɗarin yake, domin str ba ta ƙin komai: ko None aka ba ta, sai ya koma sunan fayil. Shawarar PEP 519, wadda ta shiga Python 3.6 a 2016, ta gyara wannan: abin da ba hanya ba ne, os.fspath ta ƙi shi nan take. Wasu sun so a mai da hanyar nau'in str kawai. Hakan ya fi sauƙi, amma da ya shafe bambancin da aka ƙirƙiro pathlib dominsa.